Ƙwallon Dabino a Aljihun Malam

Azumin bana ya zo da sanyi-sanyi, har da yayyafi a kwana na huɗu. Ina zaune a gidan hayar da muka koma tun da aka rushe ɓangarenmu na Nakkasa, tsohuwar unguwarmu a nan Makka, famfo na kawo ruwa har kicin, na'urar sanyaya ɗaki a kashe don ba a bukatarta, amma kwana biyu ke nan raina a ɓace. Ba kowa ya jawo ba sai ɗana Bashir da ke Amurka.

Karatu ne ya kai shi can, aiki ya riƙe shi, har suka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ranar da ya karɓa ya turo min hoto, ya sha kwat, yana riƙe da 'yar tuta yana washe baki. Na yi ta nuna wa maƙwabta har suka gaji da ni. Ni a Makka aka haife ni, a Makka aka haifi uwata, kakanmu ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Kano, kuma har na yi furfura ba a taɓa tambayata wa nake so ya shugabanci ko da layinmu ba. A nan ikama ce da ni, takardar izinin zama, a Nijeriya kuwa ko hanyar ƙauyenmu ban sani ba. Ga shi yau ɗan cikina ana bin sa har ƙofar gida ana roƙonsa ya faɗi ra'ayinsa.

Matarsa Nana ce ta kira ni bayan la'asar, su can safiya ce. Muka gaisa, na tambayi nauyin jiki, ta ce da sauƙi, sai na ji muryarta ba daɗi. Na matsa mata ta faɗa min. Ashe zaɓe za a yi a garinsu ranar Talata, na 'yan majalisar gari, kuma a cikin takardar akwai tambaya guda: a ci gaba da motar bas da ke shiga unguwarsu ko a soke ta. Nana ba ta tuƙi. Takardarta ta ɗan ƙasa ba ta fito ba, saboda haka ba ta da ƙuri'a. Cikinta wata shida. Bas ɗin nan shi ke kai ta awo, shi ke kai 'yarsu makaranta, in kuwa aka soke shi sai ta yi tafiyar rabin awa a ƙasa zuwa wata tashar, a kan ƙanƙara mai santsi. Bashir da mota yake fita tun da sassafe, sai magariba. Ta yi masa magana sau uku, ya ce ba zai je ba.

Na ce ta ba ni shi.

"Yumma, ma'alesh, yi haƙuri, ba ki san siyasar nan ba ne," in ji shi. "Unguwarmu kowa bas yake hawa, ya'ani ko ban je ba mun ci. Ga azumi ga aiki, in je in bi layi saboda ƙuri'a ɗaya? Kalas, ki bar maganar."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba. Muryar ubansa ce sak, har da jan numfashin nan na mutumin da ya ga ana damunsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na taɓa jin wannan maganar, kusan kalma da kalma, shekara arba'in da suka wuce.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Wanda bai yi azumin zafi a Nakkasa ba ya daina ce min ya san ƙishirwa. Gidajenmu a jikin dutse suke, ɗaya bisa ɗaya, bulo da rufin kwano, mu kuma muna can sama kusa da ƙarshe. Tun hantsi dutsen yake fara mayar da zafin da ya sha. Kafin azahar ba ka iya dafa bango, ba ka iya taka ƙasa ba takalmi, kwanon rufi na ta ƙas-ƙas a kanka. In iska ta taso ba ka murna, don zafi take kawowa. Leɓe ya tsage, harshe ya manne, yawu ya yi kauri. Awakin unguwa ma sai su jeru a inuwar katanga su saki baki.

Ina da shekara goma sha tara, amarya, da cikina na wata bakwai. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, leburan gini ne a Jarwal inda ake ta tayar da masaukan alhazai. Daga sallar asuba yake wucewa, don a yi aikin kafin rana ta take, ya dawo bayan azahar siminti har a gashin ido. Ni kuma in share ɗaki, in jiƙa zani in rataya a taga, in tankaɗe garin kunu, in jiƙa alkamar shorba, miyar shan ruwa ta Larabawa, in kwanta a kan siminti ina juyi har la'asar. Daga nan sai hayaƙi ya tashi a kowane gida. Wannan ta soya sambusa, waccan ta dama kunun tsamiya, a yi ta miƙa wa juna ta kan katanga. Abinci dai ba mu rasa ba, Makka ce, a azumi ba a rasa mai ba ka dabino da burodi. Ruwa ne abin.

Famfo bai hau dutsenmu ba. 'Yan ga-ruwa ke kawo mana da gwangwanaye biyu a sanda, su kuma da azumi ya kama suka ce ba za su hau sama ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai ruwa ya zama abin lallaɓawa. Wanda aka wanke shinkafa da shi, shi za a wanke kwanuka, a tara a yayyafa wa ƙasa. Alwala a cikin roba ake yi, a ba akuya abin da ya taru. Wanka kuwa kofi uku ne, in ka yi huɗu ka yi almubazzaranci. Randar sha a lulluɓe take da buhu, ba mai buɗe ta sai an kira magariba.

Ana cikin haka, kwana uku da fara azumi, liman ya yi shela cewa wani bawan Allah da bai so a faɗi sunansa ya ba unguwa babban tanki sadaka, kuma wayit, wato motar ruwa, za ta riƙa zuwa kullum tana cika shi har Sallah. Mata muka yi ta guɗa. Murna ba ta kai yamma ba aka fara rigima a kan inda za a ajiye shi.

Wuri biyu ne. Ko a ƙasa, bakin titi, inda mota za ta tsaya ta juye ta wuce. Ko a wani fako da ke tsakiyar dutse, gaban ƙaramin masallaci, inda tiyon motar zai kai in an samu masu ja. 'Yan ƙasa suka ce wa zai riƙa jan tiyo da azumi a bakinsa. 'Yan sama suka ce a tsakiya kowa ya yi rabin tafiya, a ƙasa kuwa mu ne za mu yi duka. Aka yi ta yi har dattawa suka ce a koma ga dabino.

Tsohuwar dabarar unguwarmu ce, da ita ake zaɓen ladan, da ita ake raba gardamar inda za a zuba shara. A kafa tabarma a kusurwar masallaci, a ajiye gwangwani biyu a bayanta, ɗaya na madara ɗaya na man girki. Kowane mai gida ya zo da ƙwallon dabino guda, ya shiga shi kaɗai ya jefa a wanda yake so. In an gama liman ya juye a gaban kowa a ƙirga. Gida ɗaya ƙwallo ɗaya, kuma namiji ke jefawa, sai fa gidan da babu namiji. Aka sa ranar biyar ga azumi, bayan la'asar. Gwangwanin madara na tsakiya ne, na mai na bakin titi.

Mu 'yan sama mun fi yawa, kowa ya sani. Ko makaho ya laluba ƙofofi ya san mun fi su. Saboda haka muka sha ruwa ranar huɗu da kwanciyar hankali. Na zaɓi dabino mafi girma a faranti na ci, na wanke ƙwallon da ɗan ruwan da nake tattali, na goge shi da gefen zani, na saka a aljihun jallabiyar Malam da ke rataye a ƙusa. Na ce masa ga shi nan, gwangwanin madara, kar ya manta. Ya yi dariya ya ce ko ni ce limamiyar unguwa.

Washegari zafin ya fi na kullum. Malam ya dawo yana jan ƙafa, ya zube a kan tabarmar da na yayyafa wa ruwa, ko takalmi bai cire ba. Ba zan yi masa ƙarya ba yana kabarinsa, ya gaji, gajiya ta gaske. An kira la'asar ya tashi ya yi a ɗaki ya koma ya kwanta. Na tashe shi, ya ce yana zuwa. Na koma kan shorba, na dawo na tarar ya juya wa ƙofa baya. Na sake tashinsa, ya ce in bari rana ta ɗan yi sanyi. Ta taga ina hango Inna Delu, tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda gidanta ya fi na kowa nisa a sama, tana gangarawa da sanda, tana hutawa a kowace matakala biyar, ƙwallonta a ƙulle a bakin gyale. Na nuna masa ita. Ko ɗago kai bai yi ba.

A na uku ne ya buɗe ido ya ce, "Haba Rabi. Mun fi su yawa, ko ban je ba mun ci. In sauka in hau dutsen nan da azumi saboda ƙwallo ɗaya?"

Na ce to ya ba ni in je in jefa. Ya ce in zauna, kar in ja masa magana a unguwa a ce matarsa ce mai gidan. Na zauna. Har yau in na tuna zaman nan nawa sai in ji haushin kaina ya fi nasa.

Dab da magariba labari ya hauro. Gwangwanin mai ya ci da ƙwallo biyu. 'Yan ƙasa ba wanda ya rage a gida, har wani mai zazzaɓi aka riƙo ya zo ya jefa. A layinmu kaɗai kuwa, ƙofa shida, maza uku ne suka yi barci. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da Malam ya ce da ya ji: wai ai da biyu aka ci mu, ko ya je ba abin da zai canza. Na leƙa ta katanga, maƙwabciyata ta ce nata mijin ma haka ya ce. Ta ukun ma haka. Maza uku, kowanne ya wanke kansa tas da lissafi, ba wanda ya haɗa kansa da sauran biyun.

Da aka kira salla na kawo masa faranti a rufe. Ya buɗe, ba komai a ciki sai ƙwallon da na ciro daga aljihunsa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci ya sha ruwa a can.

Aka kafa tanki a bakin titi. Motar da hantsi take zuwa, lokacin maza duk sun watse wurin aiki, kuma kafin azahar an kwashe ruwan tas. Saboda haka ɗiba ya zama namu, mata. Da gari ya waye za mu gangara mu jera jarkoki da bokitai, a sa dutse a kan kowanne don kar a ture. 'Yan ƙasa su yi sawu biyar kafin mu yi ɗaya. A yi faɗa a layi, a tuna da azumi a ce astagafirullahi, a koma a ci gaba. In ka samu ka cika, sai hawa. Matakalun ba na gini ba ne, sara ne aka yi a jikin dutse, wata doguwa wata gajera, wata ta karkace. Bokiti a ka, jarka a hannu, ruwa na zubo maka a wuya, kana jin ƙanshinsa, ba damar ka kurɓa. Sawu biyu nake yi kullum. In na isa sama sai in zauna a bakin ƙofa har ganina ya dawo daidai.

Inna Delu ta ce in ajiye azumin, Allah ya yi wa mai ciki sauƙi. Wasu ranaku na ajiye, amma bokitin bai rage nauyi ba. Malam ya gwada sauka bayan la'asar, ya dawo da jarka ba ko ɗigo. Ya ce in daina, za mu yi maneji. Na ce maneji da me, da yawu? Mazan sama kuwa sai yanzu bakinsu ya buɗe. Kullum bayan sallar asham suna ƙofar masallaci, wai an yi musu wayo, wai la'asar ba lokacin taro ba ne, wai a sake. Liman ya ce abin da aka ƙirga an ƙirga, wanda bai zo ba ya yarda da na waɗanda suka zo, sai bayan Sallah a duba.

Ranar ashirin da uku ga wata, a sawu na biyu, na kai wajen wata matakala da kowa ke zubar da ruwa a kanta saboda tsayinta, har ta yi gansakuka duk da zafin nan. Na san ta, kullum ina kaffa-kaffa da ita. Ranar dai ƙafata ta tafi. Na faɗi a kan gefena, bokitin ya yi ta gangarawa yana ƙara. Wallahi abin da na fara ji shi ne takaicin ruwan, ina kallonsa yana bin matakala, dutse na shanye shi. Sai da na yunƙura zan tashi na san ba ruwa kaɗai na yi asara ba.

Mata ne suka saukar da ni a cikin bargo, su huɗu, Inna Delu na bin su a baya tana salati. Aka tsayar da mota zuwa asibiti. Namiji ne, da gashinsa da farcensa, bai yi kuka ba. An aika wa Malam a Jarwal, ya zo da simintinsa a jiki, shi da mutum biyu suka kai shi maƙabarta kafin magariba. Sallar shekarar a kwance na yi ta, ɗinkina na ninke a akwati.

Bayan Sallah aka sake kafa tabarma. Ba namijin da ya rage a sama, har guragu sun sauka. Gwangwanin madara ya cika har ya yi tozo, aka ɗauke tanki aka kai tsakiya, maza na rige-rigen jan tiyo. Ni ban je na gani ba.

Malam bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban taɓa goranta masa ba bayan ranar. Amma har ya koma ga Allah bai sake bari na ɗaga bokiti ba, ko da famfo ya zo. Kuma bai sake fashin taron unguwa ba, ko na gyaran kwata ne shi ne farkon zuwa, har ana tsokanarsa da sarkin taro. Abu ɗaya ya roƙe ni, kar in faɗa wa yaran da za mu haifa. Na riƙe masa. Bayan shekara biyu aka haifi Bashir, ƙannensa suka biyo baya, aka tashi a kan shi ne babba.

Kwana biyun nan da na yi ina fushi, da Malam nake ta shawara a zuciyata. Na ce masa alkawari dai na riƙe shekara arba'in, amma ga ɗanka nan ya ɗauko maganarka zai ɗora wa 'yar mutane, ita ma da ciki, ita ma ba ta da ƙuri'a sai tasa. Ka yafe min.

Ranar Lahadi bayan la'asar na kira shi, na san ba ya aiki. Ya ɗauka yana dariya, wai ko an huce. Na ce ya zauna, kuma kar ya katse ni. Na ba shi labarin tun daga tanki har bargo, kamar yadda na ba ku. Da farko ina jin yana 'yan motse-motse, yana shirin ce min ai can ba dutse ba ne. Da na kai kan matakalar sai ya daina.

"Yumma, ni ban taɓa jin wannan ba," ya ce.

"Da ka lura da ka tambaya. Ka tashi cikin yaran Larabawa, amma ai ka ga ƙawayena. Wacece a cikinsu ka taɓa ji ta kama sunan ɗanta na fari? Sai dai ta ce yaron nan, ko wancan. Ni kuwa tun kana rarrafe nake ƙwala maka kira gatsau, Bashir, Bashir, a gaban kowa. Ka ɗauka rashin kunya ce?"

Can na ji ya share murya, ya ce Talata zai nemi izini a wurin aiki, da shi za a buɗe ƙofar rumfar zaɓe. Na ce ya bi ta kan maƙwabtansa ma, don na san akwai aƙalla biyu irinsa a layin. Ya ce to.

Har zan ajiye ya ce, "Yumma, ya sunansa?"

Na ce ba a yi suna ba, bai kai ba. Ni kaɗai na raɗa masa a asibiti, kafin ubanku ya iso.

"To faɗa min."

"Ba zan iya ba," na ce. "Ɗan fari ne."